Amsa kan haɗa sitingire da tang a tanki ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana da tankin ruwan gishiri na lita 600 da tang biyu a ciki, wato kifin tekun nan mai launi da ake kiwo don ado, wani ɗan Legas ya yi maka tallar sitingire mai ɗigon shuɗi, wato kifin teku mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya, kana so ka san ko za su zauna tare. Ni dai shawarata kar ka saye shi yanzu.

Na jima ina kiwon tang nan Damagaram, kuma abin da mutane ke tsoro wato faɗa ba shi ne babbar matsalar ba. Tang yana yawo sama yana kiwon gansakuka jikin duwatsu, shi kuwa sitingire yana ƙasa binne cikin rairayi, sau da yawa ba ruwan wani da wani, sai dai in ka samu tang mai zafin kai irin wanda ake kira sohal na Bahar Maliya, wannan kam zai dinga tsinkar masa baya, ga kaifin nan nasa a gindin wutsiya. Wajen abinci ne za ka sha wuya don tang ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, dole ka kai masa nasa har bakinsa da dogon matsi.

Inda gizo ke saƙar shi ne magani. Duk mai tang ya san ciwon farin ɗigo, suna cikin kifayen da suka fi saurin kamuwa, ruwa ya ɗan canza ko an kawo baƙo sai ka wayi gari jikinsu duk fari fari suna goga jiki da dutse. Maganin da ake sa musu na jan ƙarfe ne, shi kuma jan ƙarfen nan guba ne ga sitingire da duk dangin kifin shak. Ɗaya dabarar ta rage gishirin ruwa ita ma ba ya jure ta. To ka ga ranar da ciwon ya shigo, in ka zuba magani ka kashe wannan, in ka ƙi ka rasa waɗancan, mafita ɗaya ce ka kamo tang ɗin ka kai su wani tanki daban su yi makonni can, kuma wallahi kamo tang daga cikin duwatsu sai ka kwashe tankin kaf, shi kuma na ƙasan yana firgita yana kaɗa wutsiya kusa da hannunka. Kana da tanki na biyu a shirye da nasa tace? In babu, maganar ta ƙare tun nan.

Sannan shi kansa wanda aka yi maka tallarsa, Taeniura lymma a sunan kimiyya, kyau kam akwai shi amma ya yi suna wajen ƙin cin abinci a tanki, da yawa ramewa suke har su mutu ko a hannun ƙwararru. Faɗinsa yana kaiwa santimita 35 banda wutsiya. Fili yake so a ƙasa, zurfin ruwa bai dame shi ba, ni a ganina ƙasa da mita biyu tsawo da mita ɗaya faɗi zalunci ne, kuma rairayin ya zama mai laushi sosai don tsakuwa tana yanka masa ciki. Tang kuma duwatsu suke so. Kowane ka ba shi abin da yake so ka tauye ɗayan.

Ga kuma garinmu. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40, ruwa mai zafi iskarsa kaɗan ce, wuta ta ɗauke da rana famfo ya tsaya, kifi mai ci da yawan kashi irin wannan shi zai fara galabaita. Sai da na'urar sanyaya ruwa da pano na hasken rana da batir masu ɗauka dare da rana. Lokacin hunturu ruwa na ƙafewa da sauri, ka cika da tataccen ruwa mara gishiri, kar ka ƙara mai gishiri. Gishirin ma giram 35 ne a lita, naka tankin ya ci kilo 21 kenan, kuma na musamman ne da ake kawowa daga waje, na Bilma ko na miya ba ya yi. Da sitingire a ciki canjin ruwa zai ƙaru, kuɗin gishiri ma haka. Ina za ka dinga samo masa jatan lande a nan?

In duk da haka ranka na kai, ka san ƙayar wutsiyarsa dafi gare ta, irinta ce ta yi ajalin Steve Irwin, mai shirin namun daji a talabijin, a 2006 duk da nasa babba ne. In ta soki mutum a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, a wuce asibiti, kuma a sa wa tankin murfi saboda yara.

Turo mana tsawo da faɗin tankin da hoton tang ɗin mu ga wane iri ne, don in sohal ne ko lita 600 ɗin ta yi masa kaɗan shi kaɗai.