Kafin ka ɗauki tukunyar gas, buɗe ƙofar ka duba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa Hajiyar nan ta aiko tana ƙorafi cewa naman layyarta ya yi wari a cikin firizar da muka gyara mata kafin Sallah, har kana ganin ko mu koma mu ƙara mata gas. Kada ka taɓa tukunyar gas tukuna. Na je gidan jiya bayan la'asar, na sa ma'auni, na tarar da injin lafiyarsa ƙalau. Yadda aka zuba naman shi ne ya lalata shi.

Kusan rabin rago aka cusa cikin babbar leda guda, da sauran ɗuminsa, aka danna shi a ƙasa, sannan aka jibga wani a kai. Sanyi kuwa daga waje yake ratsa nama a hankali, don haka tarin nama mai kauri yana iya wuni ya kwana bayansa ya daskare alhali cikinsa na nan da ɗumi, kuma a can cikin ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, domin sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos. Da an yanyanka shi gwargwadon abin da za a dafa a girki ɗaya, an baje kowace leda ta yi faɗi, an jera su da 'yar tazara har su ƙanƙare, da ba a yi wannan asara ba. Wannan rabon yana da wani amfani kuma: uwargida za ta ciri na miyar yau kawai, ba sai ta narkar da duka ta sake mayarwa ba.

Riƙe lambobi biyu a kanka. Firij ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma a digiri 18 ƙasa da sifili.

Sai batun ɗauke wuta, wanda kowa a Kano ya san shi. Idan ba a buɗe ƙofa ba, firij yana riƙe sanyinsa kamar awa 4, firizar da take cike tana kaiwa awa 48, wadda ke rabi kuma awa 24. Shi ya sa nake gaya wa mutane su cike gurbin da ya rage a firiza da gorunan ruwa, amma kada a cika gora har baki, saboda ruwa yana kumbura idan ya zama ƙanƙara. Firij kuwa akasin haka yake, yana son iska ta zagaya, kuma idan aka cushe shi har aka toshe mafitar sanyi, na baya zai daskare, na gaba ya yi tsami. A zafin bazara, yaran gida da ke buɗe ƙofa kowane lokaci don neman ruwan sanyi sun fi kowace matsala cinye sanyin. A ware musu kular ruwan sanyi daban.

Ɗanyen nama da kifi a shiryayyen ƙasa suke zama, a rufe, don kada jininsu ya ɗiga a kan dafaffen abinci. Ƙofa ita ce wuri mafi ɗumi, ta dace da lemo da ruwa, amma nono da kunun aya a can ciki ya kamata a sa su. Tukunyar miya kada ta wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi mana a watan Afrilu, awa 1 ne. A juye ta cikin ƙananan robobi masu murfi don ta huce da wuri, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, ko a kai ta firiza. Doya da ayaba da albasa ba su da aiki a firij, sanyi ɓata su yake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gidan shi ne wuƙar da na gani a kan firizar, wadda suke kankare ƙanƙara da ita. Ka gaya musu da ladabi, amma da gaske, cewa huda bututu guda ya isa ya zubar da gas ɗin duka, kuma yawancin sababbin firij suna amfani da gas mai suna R600a ne, wanda yake kama wuta. A kashe soket, a buɗe ƙofa, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta.

Gobe da safe ka koma da ma'aunin sanyi. Ka maƙale takardar naira a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ƙofar ta saki, sai mu canza ta. Ka kuma janye firizar daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, domin na ga an manne ta da shi kusa da murhu.