Amsa ga Baba Alhaji game da gyaran titin kasuwa

Wannan saƙon murya ne da aka turo zauren unguwarmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, aka rubuce shi domin waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Alhaji, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina gaida iyayenmu mata da ke wannan zaure, da yayye da ƙanne baki ɗaya. Na ji saƙonka tun jiya da la'asar, amma na ƙi yin magana sai da na sake bin titin da ƙafata. Ka tambaya cewa idan aka kira mu zaman jin ra'ayi kan gyaran titin da ya taso daga kasuwa, ya wuce ta gaban masallaci har ya kai makarantar yara, shin mu goyi bayan masu cewa a faɗaɗa kwalta, a sare itatuwan darbejiya, a tashi 'yan tebur, ko kuwa akwai abin da ya fi haka. Ni dai a ganina kada mu goyi bayan wannan. Mu nemi a rubuta awon wurin tafiyar masu ƙafa, mita kaza da santimita kaza, a cikin takardar kwangila, domin na yi shekaru ina riƙe igiyar awo a wajen aikin hanya, kuma abin da ba a rubuta da lamba ba, ɗan kwangila ba ya yin sa.

Baba, ka zauna a bakin wannan titi bayan sallar asuba ka ƙirga masu wucewa. Za ka ga yara da jakunkuna, mata da kwanduna, almajirai, masu tura kurar ruwa, masu baro, dattawa masu sanda, sannan 'yan klando da baburansu. Motar gida ita ce mafi ƙarancin abin da ke wucewa, amma ita ake so a ba wa fili mafi yawa. Titin tsakiyar gari ba ɗaya yake da hanyar Gaundare ko ta Marwa ba. Can ana so a wuce ne da sauri, nan kuwa zuwa ake yi, a tsaya, a saya, a gaisa, a tsallaka.

Sauri shi ne abu na farko da faɗin kwalta ke haifarwa. Direba ba ya bin allon da aka kafa masa, faɗin da idonsa ya gani yake bi. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya, wadda ke gudun 50 kuwa tana cin kusan mita 14, kuma bayan an taka birki tazarar da ta biyun ke ja kafin ta tsaya ta kusa ninka ta farkon sau uku. Tun a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 30 yana tsira da ransa kusan sau 9 cikin 10, amma daga 45 zuwa sama ko rabi ba sa tsira. Shi ya sa a taron ministoci da aka yi a Istokholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020 aka yi kira da a tsayar da gudu a 30 duk inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya. Hanyar tabbatar da hakan a ƙasa ita ce layin mota kada ya wuce mita 3, a matse kwana ta yadda sai an rage gudu kafin a sha ta, sannan a ɗaga wurin tsallakawa ya yi daidai da gefen titi, ya zama shi kansa tudun rage gudu ne, maimakon tudun ƙasa da matasa ke tarawa da dare bayan an buge yaro.

Bari in yi lissafin a bayyane. A ce daga katanga zuwa katanga mita 20 ne. Layi biyu na mota sun ɗauke 6, saura 14, wato kowane gefe yana da 7. A cikin 7 ɗin nan, mita 1 na jikin shago ne, inda ƙofa ke buɗewa da inda mai shago ke ajiye benci. Mita 2 da rabi na tafiya ne zalla, ba tebur, ba janareta, ba turken lantarki, ba allon talla. Mita 1 da rabi na itatuwa ne da fitilu da 'yan tebur a tsakanin itace da itace. Mita 2 na ƙarshe, wanda ke jikin kwalta, na tsayawar babura ne da sauke kaya. Kowa ya samu, kuma ba a rushe ko katanga ɗaya ba. Inda titin ya tsuke, wurin ajiye abin hawa ake fara ragewa, na tafiya kuwa ba ya sauka ƙasa da mita 1 da santimita 80, domin shi ne faɗin da keken guragu biyu za su gifta juna ba tare da ɗaya ya sauka kwalta ba. Masana awon tituna suna ba unguwar kasuwanci daga mita 2 da santimita 40 zuwa sama, kuma duk wanda ya ga cunkoson jajibirin salla ya san dalili.

Jiya da na bi titin, abin da na gani ya fi ƙarfin rashin faɗi kawai. A cikin taku ɗari na sauka kwalta sau da yawa. Wani mai shago ya zuba dakali mai tsawon gwiwa, na kusa da shi ya yi nasa ƙasa da haka, na gaba ya gangaro da siminti har bakin titi domin shigar da babur, sai turken lantarki a tsakiyar abin da ya rage. Wata tsohuwa da ke gabana, riƙe da hannun jikarta, ba ta ko gwada hawa ba, ta bi kwalta tana raɓe-raɓe, babura suna shafar gefen mayafinta. Wurin tafiya da ke yankewa kowane taku goma daidai yake da babu. Don haka mu nemi tsayi ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar santimita 15 sama da kwalta, da ɗan karkata kaɗan, kashi 2 cikin 100, domin ruwa ya gangara. A kowace mahaɗa a yi gangara mai sauƙi, wadda kowane santimita 1 na hawa yake da santimita 12 na tsawo. Wannan ba alfarma muke roƙo ba, dokar ƙasa ta 13 ga Afrilun 2010 kan kare masu naƙasa ta tanadi a sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a, kuma gangarar da ta amfani mai keke ita ce ke amfanar mai baro da mai kurar ruwa.

Yanzu ga batun itatuwa, wanda shi ne ya fi damuna. Baba, kai ka fi ni sanin zafin Garwa. A watan Maris da Afrilu awon zafi yana haura 40, kuma azumin 'yan shekarun nan a cikin wannan bazara ya faɗo. A irin wannan gari, wurin tafiya marar inuwa ba mai bin sa daga hantsi zuwa la'asar, ko da an shimfiɗa shi da dutse mai tsada. Mutum zai gwammace ya biya klando saboda tafiyar mita 400, wadda a inuwa minti biyar ce. Duk wanda ya je Marwa ya ga yadda darbejiya ta rufe wasu tituna har rassan gefe biyu suna haɗuwa a sama, ya ga kuma yadda masu ɗinki da masu sayar da goro da masu hira suke zaune a ƙarƙashinsu da tsakar rana. Waɗanda suka shuka su ba su sha inuwarsu sosai ba, mu muke sha. Itacen da ya shekara talatin, injin sara zai kayar da shi kafin a gama shan shayi, kuma dashen da za a ce an maye gurbinsa da shi, in ya tsira daga bakin awaki, sai jikokinmu sun yi aure kafin ya yi irin wannan inuwa.

Saboda haka a zana titin a kewaye itatuwan da ke tsaye, a ƙirga su, a sa musu lamba a jikin taswira kafin katafila ta iso. Inda babu, a dasa a tazarar mita 8 zuwa 10 domin inuwa ta haɗe. Gaskiya ne saiwar darbejiya tana ɗaga daɓe, amma hakan ya fi faruwa ne idan an shaƙe gindinta da siminti. A bar mata fili na ƙasa kamar mita 1 da rabi a tsawo da faɗi, ruwan sama ya riƙa shiga. Na fi son darbejiya a kan mangwaro a bakin titi, domin mangwaro yana jawo jifa a kan masu wucewa, maɗaci kuwa itace ne mai kyau da girma, sai dai masu neman magani suna ɓare masa ɓawo har ya bushe. A yi dashe da faɗuwar damina, a yi shinge, kuma a rubuta wanda zai yi ban-ruwa a rani biyu na farko. Idan mai shayi ya san inuwar tasa ce, ba sai an roƙe shi ya zuba ruwa ba.

Sai lambatu. Ruwan Agusta da Satumba ba wasa ba ne, kuma ambaliyar 2012 a kwarin Binuwai ba ta fita daga zukatanmu ba. Amma lambatu a buɗe a tsakiyar gari rami ne da ke jiran ƙafa. Shekarun baya gwaggona ta fito daga gidan rasuwa bayan isha'i, wuta ta ɗauke, ta zura ƙafa inda murfi ɗaya ya ɓace. Ta yi watanni a kwance, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta sake zuwa kasuwa da kanta ba. A rufe lambatun da murfin kankare mai ƙarfi wanda yake daidai da daɓen tafiya, a bar wuraren buɗewa domin yashe kafin damina, a sa raga a bakin mashigar ruwa saboda leda. Fitilu kuma a yi su gajeru, mita 4 zuwa 5, su haska ƙarƙashin rassa inda mutane suke, kuma idan masu aiki da hasken rana ne a faɗi wanda zai riƙa goge musu ƙurar hunturu. Daɓen kuwa na fi son bulon shimfiɗa, wanda muke kira pabe, domin bai kai baƙar kwalta ɗaukar zafi ba, kuma idan bututun ruwa ya fashe ana ɗaga shi a mayar.

Hajiya, ɗaya daga cikin iyayenmu mata na wannan zaure, ta yi magana cewa kada a tashi 'yan tebur, kuma ina tare da ita. An sha korar su, bayan mako biyu su dawo, domin inda ƙafa take nan ciniki yake. Mai ƙosai da mai tsire da mai gyaran waya su ne ke sa yarinya ta bi titin bayan magariba ba tare da fargaba ba, saboda akwai idon da ya san ta. A shata wa kowa wurinsa da fenti a layin itatuwa, a ba shi lamba, a ce masa iyakarka ke nan, wanda ya ƙetare layi ya shiga wurin tafiya shugabannin 'yan kasuwa su fara hukunta shi kafin hukuma. Haka ma 'yan klando, 'ya'yanmu ne kuma su ne sufurin garin nan. Turaku za su hana mota hawa daɓe, amma duk ratar da keken gurgu zai wuce babur ma zai wuce, don haka maganin shi ne a ba su tasha mai inuwa a ɗan nesa da mahaɗa, inda ba za su tare wa direba ganin yaron da ke shirin tsallakawa ba. Wurin tsallakawa kuma kada ya yi nisa da juna fiye da mita 80 zuwa 100, kuma lallai a sa ɗaya a ƙofar makaranta da ɗaya a ƙofar masallaci. Ranar Juma'a sahu yana fitowa har titi, to a amince da haka tun a takarda, a tanadi hanyar da ababen hawa za su kewaya na wannan sa'a.

Wani zai ce wannan tsarin Turai ne. Kigali ta rufe wani titi na tsakiyar birni ga motoci tun 2015, Nairobi kuma ta sake fasalin titin Luthuli a 2019, ta rage wa mota fili ta ƙara wa masu ƙafa. Mu ma mun gani da idonmu a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, yadda dubban mutane suka riƙa takawa zuwa filin wasa na Rumde Ajiya da ƙafa. Kakanninmu da suka yi zaure da dakali da rumfa a ƙofar gida sun san cewa bakin hanya wurin zaman mutane ne.

Game da yadda za mu gabatar da maganar, dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ta tanadi takardun tsarin gari, har da wadda ke fayyace yadda ake amfani da kowane fili, don haka muna da hurumin tambayar faɗin da aka ware wa wannan titi a hukumance. Mu roƙi ofishin magajin gari ya nuna mana zanen titin a yanke, daga katanga zuwa katanga, da lambobinsa, kafin a sa hannu. Idan ka yarda, Baba, ranar Asabar bayan sallar asuba zan zo da igiyar awo, a ba ni matasa huɗu, biyu su riƙe igiya, ɗaya ya ƙirga itatuwa da murafan da suka ɓace, ɗaya ya tsaya ƙofar makaranta ranar Litinin ya ƙirga masu tsallakawa daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 8. Ina kuma roƙon Hajiya ta zaɓo mata biyu da mai keken guragu ɗaya su shiga tawagar da za ta je zaman. Na gode, Allah ya saka da alheri. Wassalamu alaikum.