Tun Daren da Muzuru Ya Shigo, Kajina Sun Daina Ƙwai

Tambaya: Malam, muzuru ya faɗa akurkina cikin dare ya kashe kaji biyu. Sauran takwas ko ƙwarzane babu a jikinsu, amma yau kwana tara ban tsinci ƙwai ko ɗaya ba. Maƙwabciyata ta ce baki ne ya kama su. Me zan yi?
Daga wata uwargida a Marwa

Amsa: Hajiya, ba baki ba ne, firgita ce. Idan kaza ta tsorata, wani ɗan ƙullutu da ke kusa da ƙodarta yakan zuba sinadarin kotikosteron cikin jini. Aikinsa ya tara ƙarfi don gudun tsira, ya kuma danne sinadaran haihuwa. Ƙwai guda kuwa yakan ci wajen awa 25 kafin ya haɗu, to jikin da ke jiran muzuru ya dawo ina ya ga sukunin wannan?

Kada ki raina kajinki, giwa ma ta yi haka. A gandun dajin Zakuma da ke Chadi, kusa da Am Timan, akwai giwaye sama da 4,000 a 2002. Mafarauta a kan dawakai suka dinga karkashe su don haure, zuwa 2010 saura wajen 450. Waɗanda suka rage sai suka bar rabuwa gida-gida yadda suka saba, suka dunƙule garke guda, kullum cikin gudu, haihuwa ta kusan tsayawa cak. Ga ciyawa ga ruwa, kwanciyar hankali ce babu. A 2010 ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun, aka tsaurara tsaro, amma sai wajen 2013 aka soma ganin jarirai sosai. Ba laifinsu ba ne, cikin giwa wata 22 ne.

Naki ba zai kai haka ba. Ki toshe kafar da ya bi, don muzurun da ya ɗanɗana sai ya dawo. Ki hana yara kora su, ki ajiye musu ruwa a inuwa, zafin Marwa kaɗai ma yana rage ƙwai. Mahaifiyata takan haɗa musu da garin ɓawon ƙwai a dusa, ni ma haka nake yi. Kada ki ɓata sefarki a maganin kasuwa, yawanci cikin mako biyu zuwa uku sukan dawo.

Amma in kin ga koren zawo, ko wuya na murɗewa, wannan ba tsoro ba ne, ki ware marar lafiyar ki kira likitan dabbobi ranar nan.