Maganar ɗora angona a po

Wa alaikumus salam 'yata, ya jego, ya angon nawa? Na ga saƙonki, wai uwar mijinki ta ce ki fara ɗora shi kashi tun yanzu yana sati 3, ke kuma kin gani a waya sai yaro ya kai shekara 2, kin rasa ta wa za ki bi.

To Hajiya ba ta faɗi ba daidai ba, sai dai ba po take nufi ba, yaron da wuyansa bai tsaya ba ina shi ina po. Mu ƙafa muka sani, ni dai sai na yi arba'in nake farawa don kafin nan wankan jego ma ya ishe ki. Ki zauna kan kujera 'yar tsugunno ki miƙe ƙafafu ki ɗan buɗa tsakani, ki ɗora shi kan ƙwaurinki yana kallonki bayansa jingine da ƙafarki, hannu ɗaya tallafe da ƙeya, tsohon kwano a ƙasa, kina masa ssss ssss kina wasa da shi. In ya yi ya yi, in bai yi ba ki ɗauke abinki, ba a daɗewa.

Kuma fa ba shi ke koyo ba tukuna, ke ce. Da ya farka barci, da ya saki nono, da kin sauke shi daga goyo. Za ki ga ya yi tsit fuska ta yi ja yana ɗan nishi, ko a baya ki ji yana mutsu-mutsu. Babanki ma ni na goye shi, ranar da na yi ko in kula da mutsu-mutsun nan sai da na sake zani kafin la'asar. Lokacin ina famfas, nafkin ne da wanki, dole ki buɗe ido.

Po sai ya iya zama da kansa, wajen wata 6. Riƙewa da faɗin zai yi kuwa wannan ne na wayar taki, sai shekara ɗaya da rabi zuwa 2 ko fiye, fitsarin dare ma har shekara 5 likitoci ba sa ɗaukarsa ciwo, don haka ban da duka ban da tsawa.

Famfas ki bar shi na dare da unguwa, da rana ki bar fatar ta sha iska da zafin nan kar ta saɓe. Ki gaida Hajiya, ki ce ta nuna miki riƙon sau ɗaya.