Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara da ESP32?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, ina so in haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa auna danshin ƙasa a gonar tumatirin babana tana turo min a waya, kuma can babu wuta sai batir. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikas salam ƙanena. Nemi ESP32, wani ɗan guntun kwamfuta na kamfanin Espressif da ake sarrafa na'urori da shi, Wi-Fi da Bluetooth duk suna jikinsa. Kafin ka kashe ko sisi ma, shiga Wokwi, shafin intanet da ke kwaikwayon irin waɗannan na'urori, ka gwada shi kyauta, daga nan ka sauke Arduino IDE, manhajar da za ka riƙa rubuta masa umarni da ita, a kwamfuta ka fara da kunna ƙaramin kwan fitila yana kashewa. Kar ka raina wannan, kowa da shi ya fara.

Maganar batir ita ce babba. In yana tura saƙo ta Wi-Fi yakan ja wuta sama da miliam 200, amma in ka sa shi barci mai nauyi da umarnin esp_deep_sleep_start() guntun kansa kusan maikro'am 10 kawai yake sha (maikro'am dubu ne miliam ɗaya), to ka tsara shi ya farka duk bayan minti 30, ya auna, ya tura, ya koma barci, ai ƙasa ba ta bushewa cikin minti biyar. Sai dai allunan da ake sayarwa a shirye suna da fitila da ragileta (mai daidaita ƙarfin wuta) masu cin wuta ko yana barci, auna da mita ka gani.

Ƙafafun ESP32, wato inda ake jona masa wayoyi, bolt 3.3 suke ɗauka, kar ka ba su 5. Gonar kuma sai ka aje mata MiFi, 'yar na'urar da za ta ba shi intanet ta Wi-Fi.