Zamanin Sarki Ba Wa'adi Ba Ne: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk a ƙofar fada suka tsaya, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wani ɗalibi daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, in an ce 'Allah ya ja zamanin sarki', mene ne zamanin da ake roƙon a ja? Ni na ɗauka zamani shi ne wannan lokaci namu na waya da intanet."

Ɗana, ba laifinka ba ne, abin da kunnenka ya fi ji ke nan: kayan zamani, ɗan zamani, auren zamani. Amma wannan ma'anar daga baya ta yi ƙarfi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, inda take nufin lokaci. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya ɗaura ta a wuyan mutum. Zamanin sarki shi ne tun daga ranar da aka naɗa masa rawani har ranar da ya bar karaga, tare da duk abin da ya auku a ciki: damina mai albarka ko fari, zaman lafiya ko yaƙi, arha ko tsada. Wanda ya faɗi gaban sarki ya yi jinjina ya ce "Allah ya ja zamaninka", ba tsawon rai kaɗai yake roƙa masa ba. Wannan aikin "ranka ya daɗe" ne da "Allah ya ja kwana". Yana roƙon ya daɗe a kan karagar, mutane kuma su daɗe a inuwarsa. Mutum yana iya daɗewa a duniya bayan zamaninsa ya ƙare. Sarkin Kano Alu zamaninsa ya ƙare a 1903 da zuwan Turawa, amma bai rasu ba sai 1926 a Lokoja.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san shekarar haihuwarta da lamba ba. In muka matsa mata da tambaya, sai ta ajiye mazarinta ta ce: "Ni dai na yi wayo zamanin Dikko, aka kai ni ɗaki zamanin Nagogo." Kuma ta ba da amsa cikakkiya, domin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har zuwa 1981. Da sunayen sarakuna iyayenmu suke ƙidayar shekaru, kamar yadda suke yi da shekarar yunwa ko shekarar fara. Haka za ka ji dattijon Kano ya ce an yi abu kaza zamanin Abbas, ko zamanin Abdullahi Bayero, mai sauraro kuma ya gane ana maganar tsakanin 1903 da 1919, ko tsakanin 1926 da 1953.

A nan ne nake so in yi kuka da wasu masu karanta labarai. Kwanan baya na ji wani a rediyo yana cewa sarki kaza "ya kammala wa'adin mulkinsa" alhali rasuwa mutumin ya yi. Haba jama'a! Wa'adi lokaci ne da aka yanka tun farko, aka san ranar ƙarewarsa. Gwamna yana da wa'adin shekara 4, shugaban ƙasar Nijar ma kafin juyin mulkin 2023 yana da na shekara 5, mai bin bashi ma yana ba da wa'adi. Wa ya yanka wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku shekara 50, daga 1938 zuwa 1988? Wa ya yanka wa Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014, alhali Muhammadu Inuwa da ya gada watanni kaɗan ya yi a kan karagar? Ba wanda ya san tsawon zamani sai ya wuce, shi ya sa ake roƙon Allah ya ja shi. Ba ka taɓa jin an ce wa gwamna "Allah ya ja wa'adinka" ba, don tsarin mulki ya riga ya rufe wannan ƙofar. In kuwa ka ji Bahaushe ya ce "wa'adi ya cika" a kan mamaci, to wa'adin rai yake nufi, wanda ke hannun Ubangiji, ba na sarauta ba. Wannan daidai ne. Amma "wa'adin mulkin sarki" fassara ce aka kwaso daga wani harshe aka jibga mana, kuma ina roƙon a daina.

Wata malamar firamare daga Zariya ta tambayi bambancin sarauta da mulki.

'Yar'uwa, sarauta ita ce muƙamin da rawaninsa, kalma ce tamu ta gida, dangin sarki da sarauniya. Mulki daga Larabci yake, shi ne iko da zartar da umarni. Ana iya riƙe sarauta ba mulki a hannu, ana iya yin mulki ba sarauta, kamar yadda sojoji suka yi. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sarakunanmu sun fi riƙe ta farkon fiye da na biyun. Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda aka naɗa a 1975 ya rasu a 2020, kusan duk zamaninsa na shekara 45 a cikin wannan sabon tsari ya yi shi. Ga shi kuwa ba wanda zai ce bai yi zamani ba.

Tunda mun zo nan bari in ƙara da daula, ko da ba a tambaya ba, don kalma ce da nake ƙauna. Muna cewa Daular Usmaniyya, Daular Borno, muna kuma cewa wane yana cikin daula in yana cikin jin daɗi. Tushenta a Larabci juyawa ne, abin da ke zagayowa daga hannu zuwa hannu. Daga wannan tushen ne ayar Suratu Ali Imrana ta zo, inda Allah yake cewa kwanakin nan yana jujjuya su tsakanin mutane. Ka ga tun a cikin sunanta daula tana gaya wa mai ita cewa karɓa ya yi, kuma zai miƙa.

Wani ya ce a fassara masa "sarki goma, zamani goma".

Kowane shugaba da irin tafiyarsa. Abin da aka saba a hannun wancan ba lalle a same shi a hannun wannan ba. Ana faɗinsa ga mai yawan cewa "da ba haka ake yi ba", ko a ofis ne ko a gida, ba sai a fada ba. Ƙanensa shi ne "zamani riga ne": wanda ya zo shi ake sawa. Sai dai ban yarda da masu jawo wannan karin maganar don su halatta kowace ɓarna ba. Riga ake sawa, ba a ce a tuɓe kunya ba.

Wani ɗan jarida daga Kaduna yana tambaya: murabus, tuɓewa, tsigewa, duk ɗaya ne?

A'a, ɗan'uwa, kuma aikinku ne ya fi buƙatar a rarrabe su. Murabus shi ne mai sarauta ya sauka da kansa, ko da a bayan fage matsa masa aka yi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, har kalmar ta manne wa sunansa, ana ce masa Sanusi Murabus. Tuɓewa kuwa hukuma ce ke yi, kuma rawani ake tuɓewa, shi ya sa kalmar ta dace da sarauta. Haka aka yi wa Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996. Tsigewa ta 'yan siyasa ce, majalisa ke tsige gwamna ko kakakinta. A rubuta "an tsige sarki" ba ƙarya ba ce, amma kunnen Bahaushe yana jin kaushinta, kamar ana maganar gashin kaza. Sannan kada a ce wa sarkin da ya rasu a kan karaga "tsohon sarki". Marigayi ne. Tsohon sarki shi ne wanda ya sauka ko aka sauke yana da rai.

An tambayi ma'anar "Maje" a sunan Abdullahi Maje Karofi. Wanda ya je wuri ya rasu a can. Shi wannan Sarkin Kano a Karofi ajali ya same shi, sai aka riƙa ambatonsa da wurin.

Me ya sa ake cewa "ya ci sarauta"? Yadda ake cin kasuwa, a ci jarrabawa, a ci gari da yaƙi. Samu ne da rinjaye, ba tauna ba.

Sarakuna ko sarakai? Duka biyu Hausa ne. Sarakuna ya fi yawa a rubutu.

Wata ɗaliba ta ce, matar sarki sarauniya ce? A Hausa a'a. Sarauniya ita ce mai riƙe da sarautar da kanta, kamar Daurama, ko Elizabeth ta Biyu ta Ingila da ta yi zamani daga 1952 zuwa 2022. Matar sarki matar sarki ce.