Amsa Ga Ɗana A Kan Girki Da Mazantaka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci damuwarka. Ka ce matarka ma'aikaciyar jinya ce, duk ranar da aikin dare ya faɗo mata kai ne mai ɗora tukunya da yi wa yara wanka, har abokanka na majalisa sun fara kiranka mijin-ta-ce, shi ya sa kake son sanin ko al'adarmu ta hana namiji yin haka.

Gaskiya ne al'ada ta raba aiki. A gidan da muka tashi ni da mahaifinka, gona da kasuwa da cefane da yaɓen ɗaki kafin damina na maza ne, daka da girki da reno na mata, kuma yaro da zarar ya tasa ake mayar da shi ɗakin zaure, ba a son ganinsa a bakin murhu. Amma abin da abokanka ba su gaya maka ba shi ne, ikon da aka bai wa maigida tafe yake da nauyi, domin ci da sha da sutura da muhalli da magani duk suna wuyansa, kuma wanda iyalinsa suka kwana da yunwa yana zaune a gindin bishiya, dattawan unguwa ba sa lissafa shi cikin maza. Kuɗin da mace ta samu daga ƙuli-ƙuli ko saƙa ko adashi nata ne, babu mai taɓa mata. Na sha ganin kakanka yana ƙirga kuɗi a tafin hannun kakarka ya sayi furar da ta dama ta sayarwa, yana biya kamar kowane baƙo.

Abin da ya faru a unguwar Kakuri ta Kaduna ya isa ya nuna maka inda wannan tsari ya tsaya. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL, dubban magidanta suka riƙa ciyar da gidajensu da albashin masaƙa, har zuwa lokacin da ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. Idona ya ga maza masu ƙarfi sun wayi gari babu wurin zuwa, kuma waɗanda suka riƙe gidajen nan matan ne, da kaskon ƙosai da wankau da ɗinki da koyarwa a makarantun unguwa. Wasu mazan sun gane, suka kama ɗebo ruwa da kai yara makaranta, gidajensu suka zauna lafiya. Wasu kuwa suka riƙe tsawa da hantara bayan sun ajiye cefane, kuma da yawa daga cikin auren nan bai kai labari ba. Raina yana ɓaci idan na ji matashin da matarsa ke biyan kuɗin haya yana cewa shi namiji ne, ba zai wanke kwanon da ya ci abinci a ciki ba.

Addini kuwa bai bar mu cikin duhu ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ya kuma tabbata cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Wane ne a majalisarku ya fi shi mazantaka?

Ba zan rufa wa al'ada asiri a inda ta zalunci mata ba. Alƙur'ani ya yanka wa 'ya mace rabin rabon ɗan'uwanta a gado, ya bai wa matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, amma har gobe akwai gidajen da 'yan'uwa maza ke riƙe gona da fili su ce ai mace gidan wani za ta. Akwai mai sakin mace a kan gishirin miya, ya kore ta da tsakar dare, alhali shari'a ta ce a ɗakinta za ta yi idda yana ciyar da ita. Akwai mai cire yarinya daga aji ya ɗora mata farantin talla. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Duk da haka matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri da duka a kan wannan haƙƙi. Yau ga shi tun 2019 jiharmu ta zaɓi mace, Dakta Hadiza Balarabe, a kujerar mataimakiyar gwamna.

Saboda haka ka ci gaba da taimakon matarka, kuma kada albashinta ya sa ka saki cefane da kuɗin makaranta, domin wajibinka ne. Abin da ta kawo don kanta kyauta ce, ka gode mata a kai. Sirrin gidanka kuma ka daina kai shi majalisa. Wadda ya kamata ka lallaɓa ita ce mahaifiyarka, don na san ta ji labarin kuma abin bai yi mata daɗi ba. Kada ka yi jayayya da ita a gaban matarka. Ka bar mini wannan, zan shiga Tudun Wada ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in yi mata magana da kaina. Ka gai da mai ɗakinka da yaran.

Baffanka.